Gudu bashi ne da ake ci a jikin mota

Ga kaka ta yi, an zuba a rumbu gwargwadon abin da Allah ya hore, kasuwannin ƙauye sun cika sun batse, motocin aya da wake da riɗi sai kai da komowa suke yi tsakanin Gazawa, Agye da Cadawa. A irin wannan lokaci ne, idan sanyi ya kama hazo ya sauko, ake shirin tseren nan na hamada wanda har gobe muke kira Pari-Dakar, ko da yake ya daɗe da barin Paris, ya kuma daɗe da barin Dakar.

Abin da ya tuna mini da shi, kwanan baya na tarar da samari a tashar mota, karnukan mota da ƴan kabu-kabu, sun yi cincirindo bisa wayar ɗayansu suna kallon wata mota tana tashi sama daga kan tudun rairayi kamar fara. Gardama ta kaure. Wasu suka ce wanda injinsa ya fi ƙarfi shi ke cin tseren, wasu suka ce a'a, sai wanda ya fi taurin zuciya. Babu ko ɗaya da ya tambayi abin da ya sami motar sa'ad da ta dira ƙasa. To, wannan tambayar ce filin namu zai ɗauka a wannan mako, domin ta shafi ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a a-kori-kura, ta kuma shafi ma'aikacin da aka damƙa wa motar aiki.

Ga wanda bai san asalin abin ba: a shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa cikin hamada a yayin tseren Abijan zuwa Nice, har aka kusa fid da rai da shi kafin a tsinto shi. Maimakon ya tuba, sai ya koma gida ya shirya nasa tseren. Ran 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka shigo ƙasarmu ta Arlit da Agadas, suka gangara Yamai, suka wuce Gao da Bamako. Ran 14 ga Janairu 1979, guda 74 kaɗai suka ga Dakar. Daga nan Nijar ta zama cibiyar tseren. A 1983 aka fara ratsa Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere wajen 40, Sabine ya yi kwana huɗu yana tsinto su da jirgi mai saukar ungulu. A 1986 ayarin ya gangaro daga Dirku har Damagaram kafin ya nufi Yamai, kuma kowa ya san kwalta guda ce ta haɗa waɗannan birane biyu, ita ce wadda ta ratsa Tasawa, Gazawa, Agye da Cadawa, ta gitta Maraɗi ta wuce Gidan Rumji. A wannan shekarar ce Sabine ya rasu a haɗarin jirgi a ƙasar Mali, aka kai tokarsa gindin wani icce a Tenere. A 1997 tseren ya tashi daga Dakar ya zo Agadas ya koma. A 2000 kuwa, da ayarin ya iso Yamai sai aka ce akwai barazana a gaba, aka loda motocin a manyan jirage aka tsallake ƙasar tamu zuwa Libiya. An soke tseren 2008, daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Kudancin Amurka, a 2020 ya koma Saudiyya.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ana yin tseren ne zango-zango, kamar tafiyar fatake: kowace rana da nata zango, kowane zango da wanda ya riga kowa isa, amma kambin na wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta ne a ranar ƙarshe. Wanda ya ci tseren farko a 1979, wani saurayi ne ɗan shekara 22, Cyril Neveu, bisa babur Yamaha XT 500 mai silinda ɗaya tal. Bai zo na ɗaya ba a ko zango guda. Bayan shekara 45, a 2024, wani dattijo ɗan Sifen mai shekara 61, Carlos Sainz, ya ci tseren motoci da Audi, shi ma ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba. A wannan shekarar Sébastien Loeb, wanda ya riƙe kambin duniya na tseren motoci sau 9 a jere, zango 5 ya ci, amma ana saura kwana ɗaya a gama ƙafar motarsa ta gaba ta karye, ya ƙare na uku. A 2023 ma zango 7 ya ci, 6 daga ciki a jere, duk da haka Nasser Al-Attiyah ɗan Ƙatar ya riga shi da fiye da awa guda. Babu mai musun cewa Loeb na cikin direbobin da suka fi kowa gudu a doron ƙasa. Har zuwa tseren 2025 bai ɗauki kambin Dakar ba.

Me ya sa? Domin gudu ba kyauta ba ne, bashi ne, kuma a jikin mota ake cinsa. Ƴan kasuwa za su fi kowa gane wannan lissafi. Mota tana barin gida da wani jari: ƙwarin tayoyinta, lafiyar sifirin da shokozoba, sanyin injinta, ƙarfin kowane noti. Duk ramin da ta faɗa, duk tudun da ta tsallake, an ɗebi wani abu daga wannan jari. Abin da malamanmu na lise suka koya mana, muka haddace don jarrabawa muka manta, shi ne cewa ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkinsa yake yi. In ka ninka gudu sau biyu, bugun ya ninku sau huɗu. Ramin da mota ta shiga tana kilomita 40 a awa, in ta shige shi tana 80, tamkar an tara rami huɗu ne an buga mata a lokaci guda. Shi kuma shokozoba, wanda ƴan lekol ke kira amortisseur, mai ne a cikinsa, aikinsa ya shanye girgiza ya mai da ita zafi. In girgizar ta yi yawa man ya yi zafi ya tsinke, sai ya daina riƙewa, motar ta shiga tsalle, abin da ya rage ya sauka a kan sifirin da ƙashin motar. Ba a ramin da ƙarfe ya karye ake karya shi ba. Tun ramuka ɗari da suka wuce aka fara.

Manyan kamfanonin mota sun biya kuɗin makaranta mai tsada kafin su gane haka. A 1985 kamfanin Porsche na Jamus ya kawo motoci 3 samfurin 959, babu wadda ta isa Dakar: biyu sun yi haɗari, ɗaya bututun baƙin mai ya fashe mata. Wata Mitsubishi Pajero, irin wadda muka saba gani a ƙofar ofisoshi, ita ta ci. Da suka komo a 1986, injin da ke ba da ƙarfin doki 450 a kan titin Turai sai suka rage shi zuwa wajen 400, don ya iya shan man da ake samu a hanya ba tare da ya ƙone ba. Suka zo na ɗaya da na biyu, a shekarar da ababen hawa 486 suka tashi, 100 suka isa. Peugeot ma haka ta yi a 1987. Ƙaramar motarta 205 mai turbo, wadda ƙarfinta ya haura doki 450 a tseren Turai, sai aka sassauta ta zuwa wajen 360, aka ƙara mata tsawo kimanin santimita 30 don ta zauna daram bisa rairayi, aka sa mata tankunan da ke cin lita wajen 400. Mai karatu ya duba: lita 400 na isansi sun kai nauyin kilo 300, wato buhu uku na hatsi. Ke nan motar da direba ya tasa da safe ba ita ce yake tuƙawa da la'asar ba. Da safe jaka ce mai kaya, da maraice goɗiya ce. Wanda ya tuƙa ta da safe kamar yadda zai tuƙa ta da maraice, a daji zai kwana. Da wannan motar da aka rage wa ƙarfi Ari Vatanen ɗan Finlan ya ci tseren, bayan ya karya ƙafarta tun ranar gwajin farko a Faransa ya tashi yana bayan mutum sama da 270. Peugeot ta riƙe kambin shekara 4 a jere.

Wanda ya ƙi ji kuwa, a ƙasarmu ya gani. A 1988 kamfanin DAF na Holan ya zo da wasu manyan motoci masu inji biyu-biyu, ɗaya na jan ƙafafun gaba ɗaya na tura na baya, ƙarfinsu a haɗe doki 1,200. Akwai hoton da ya zagaya duniya, inda direbansu Jan de Rooy yake wuce motar Vatanen a filin hamada suna wajen kilomita 200 a awa, kamiyo mai nauyin tan 10 yana tsere da ƙaramar mota. Kowa ya yi tafi. Ran 9 ga Janairu, tsakanin Jado da Agadas, ta biyun ta taka wani tudu tana wajen 180, ta wuntsila sau da dama, mai karanta hanya Kees van Loevezijn ya mutu nan take, sauran biyun suka ji munanan raunuka. Kamfanin ya janye motocinsa a ranar. A tseren wannan shekara 603 suka tashi, 151 suka isa, kuma cikin waɗanda suka mutu har da mutanen gari da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ciki da yara. Wannan ɓangare na labarin ba a cika sa shi a hotuna ba, amma mu da ƙauyukanmu ke bakin hanya bai kamata mu manta da shi ba.

Shekara ta zagayo, a 1989, wani abu ya faru wanda har yau ake gardama a kansa. Direbobin Peugeot biyu, Vatanen da Jacky Ickx ɗan Beljiyam, sun yi wa kowa nisa, sai suka koma tsere da junansu, har Vatanen ya kifar da motarsa tsakanin Yamai da Gao. Shugaban ayarinsu, Jean Todt, ya ga in ya ƙyale su za su farfasa motocin duka biyu kambin ya tafi wani gida. Da suka sauka Gao sai ya zaro tsabar faran 10 na Faransa ya jefa sama: wanda ƙuri'a ta faɗa wa shi zai ci, ɗayan ya bi bayansa. Ta faɗa wa Vatanen. Masoya wasa suka yi tir, suka ce an mai da jarunta caca. Ni dai a ganina mutumin ya yi abin da kowane madugu mai hankali zai yi. Ya gane cewa abokin gabar motocinsa ba ya bayansu, yana zaune ne a bayan sitiyari.

To sai dai kada wani ya ɗauka wa'azin tafiyar hawainiya nake yi. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa tuƙa mota a jigawa ba. A rairayi mai zurfi, sannu ita ke hana zuwa. Mota tana tafiya bisa rairayi ne muddin tana da ƙarfin turawa. Da zarar direba ya ji tsoro ya ɗaga ƙafa, ko ya tsaya canja giya a tsakiyar wurin, tayoyi su nutse, ta kafe har ciki, sai shebur da itace da guminsa. Kuma yunƙurin fitowa ya fi cin kuloci da inji fiye da tafiyar yini guda. Haka gargada, wadda duk mai bin hanyar marmara ya sani. In ka bi ta kana kilomita 30 ko 40, kowane ƙugu sai ya buge ka, notuna su kwance, ƙofofi su yi ta kuka. In ka kai wajen 70 ko 80, tayoyi suna taɓa kawunan ƙugun ne kawai, motar ta lafa. Amma a nan ne tarkon yake, don tayar da rabin lokacinta a sama take ba ta jin birki ba ta jin kwana. Akuya ɗaya ta gitta, sai salati. A tseren kansa ma yanzu ba a ba kowa sarari ya yi rarrafe. A 2025 tazarar da ke tsakanin Yazeed Al-Rajhi na Saudiyya da wanda ya bi masa, bayan mako biyu ana gudu, ba ta kai minti 4 ba. A 2023 tsakanin na ɗaya da na biyu a babura ko minti guda ba a cika ba. Shi wannan Al-Rajhi, a 2024 yana kan gaba ya kifar da motarsa a rairayi ya koma gida. Ba rage gudu ya koya ba a shekara guda, inda ake kashe shi da inda ake adana shi ya koya.

Masu shirya tseren ma sun daina barin abin ga hankalin direba kaɗai. Tun 2011 an tsai da girman injin babura a 450. An ƙayyade iyakar gudun motoci, kuma a cikin gari akwai inda ba a wuce kilomita 30 ko 50, na'ura tana rubutawa, wanda ya ƙetare a ƙara masa lokaci. Sannan akwai zangon da ake raba direba da makanikansa, ya kwana a daji shi da abokin tafiyarsa da abin da suka ɗauko. Abin da ya fasa yau, shi zai gyara da hannunsa ko ya ja shi haka gobe.

Wannan zango na ƙarshe shi ya dawo da mu gida, domin direbobinmu kullum a cikinsa suke. Ɗan tsere in ya isa masauki da dare, akwai manyan motoci cike da kayan gyara suna jiransa, makanikai su kwana suna warware motar suna mai da ta sabuwa, shi yana barci. Bashin da ya ci da rana, wani ke biya da dare. Direban da ya sauka daga kwalta a Gazawa ya nufi kasuwannin bakin iyaka, ko wanda ya bar Tsibiri ya nufi ƙauyukan Gidan Sori da Cadakori, babu mai bin sa da sifirin. Kuma hanyarsa ba ta fi ta ɗan tsere sauƙi ba. Manomanmu sun raba ƙasa uku, jigawa da geza da fadama, kuma direba yana iya taka duka ukun kafin hantsi: rairayin da ke haɗiye taya, ƙasa mai tauri da ruwan damina ya zaizaye ya bar kwazazzabai, da laka ta Gulbin Maraɗi wadda in ta jiƙe sabulu ce in ta bushe dutse. A wajen Gulbin Kaba kututturan goriba suna ɓoye cikin rairayi. Burtali ya matse tsakanin gonaki, ga amalanke, ga shanu, ga yara. Sannan ga abin da ɗan tsere bai sani ba sam: motar da aka ƙera don tan guda, an ɗora mata biyu, mutum ashirin sun hau bisa kayan.

Bara na shiga irin wannan mota daga Gazawa zuwa wata kasuwa ta kudu, tsohuwar Hilux wadda fentinta ya daɗe da yin sallama. Direban dattijo ne mai furfura. Tare muka tashi da wata motar da ta fi tamu ƙuruciya, direbanta ma haka. Muna sauka daga kwalta sai dattijon ya tsaya, ya fito da ɗan tsinke, ya bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya yana sace musu iska, leɓɓansa na motsi yana ƙirga. Ya sa karen motar ya mai da buhunan da suka fi nauyi gaba, kusa da kai. Saurayin ya wuce mu da oda, ya bar mu cikin ƙura. Wata mata daga sama ta ce, "Baba, ko mu sauka mu tura ta ne?" Bai tanka ba.

Dalilinsa a fili yake ga wanda ya sani. Tayar da aka rage wa iska tana baje ƙafa kamar ta raƙumi, ta hau bisa rairayi maimakon ta tona shi. Ƴan tsere ma haka suke yi, har sukan sauke ta zuwa wajen kilo ɗaya a manyan tuddai. Amma ita ma bashi ce: taya mai laushi in aka gudu da ita a wuri mai tauri gefenta yana lanƙwashewa ya yi zafi, ta fashe ko ta fice daga ƙarfenta. Saboda haka wanda ya rage iska ya riga ya yi alkawarin rage gudu a geza.

Muka yi ta tafiya kamar masu rakiyar amarya, har na fara duba agogo. Can sai ga wani dogon rairayi a gabanmu, fari fat. Dattijon nan ya sa giya ta biyu tun daga nesa, ya taka mota iyakar ƙarfinta, inji na kururuwa, bayanta na wutsil-wutsil, bai ɗaga ƙafa ba sai da muka fita. Muna fita ya koma rarrafensa. Na ce, "Baba, ashe tana gudu?" Ya ce, "Mushe, tana yi mana. Ajiye shi nake yi don wurin da za a tambaye ni."

Mu yi lissafin abin da saurayin ya saya da gaggawarsa. A hanya mai kilomita 30, mai tafiya 40 a awa zai isa cikin minti 45, mai tafiya 60 cikin minti 30. Ribar minti 15 ce. Abin da ya biya kuwa, kowane rami ya buge shi fiye da ninki biyu. In ya yi sa'a yau, jarin ya ragu ba wanda ya gani. In bai yi ba, ranar kasuwa guda ta tafi, kuma kasuwar ƙauye sai wani mako.

Amma ba zan ɗora laifin duka a kan samarin direbobi ba, don ba su kaɗai ke taka totur ba. A nan ina magana da ku, Alhazai masu motoci. In ka yanka wa yaro kuɗin da zai kawo maka kowace yamma, ko ana ruwa ko ana rana, ka ce abin da ya ragu nasa ne, gyara kuwa naka, to kai ka ce masa ya gudu. Sawu uku a rana riba ce gare shi, karyewar sifirin asara ce gare ka, kuma ya san haka. Kamfanin da ke zuwa tsere ba ya saka wa direba don ya riga kowa isa zangon farko. Na san masu motocin da ke ware wa direba wani abu a ƙarshen kaka in motar ta fita lafiya ba ta kwana a gareji ba. Ban ga wanda ya yi haka ya yi da-na-sani ba. Haka zancen mai. In kamfanin Porsche ya rage ƙarfin injinsa don tsoron man hanya, me zai sa mai a-kori-kura ya ɗura ruwa-ruwa na kwalba ba tare da ko tacewa da ƙyalle ba, sannan ya nemi injin ya yi masa aikin sabo? Matacin iska kuma, a wannan hazo, kakkaɓe shi ba ya cin ko dala, amma ƙurar da ta wuce shi ita ke cinye inji daga ciki kamar gara.

Ku kuma ƴan'uwana ma'aikata, namu ya fi muni, don motar ba ta kowa ba ce. Kowa ya san yadda ake yi: misiyon da aka shirya tashi ƙarfe 7, shugaba bai fito ba sai 10, sannan a ce wa direba lalle a kai ƙauye huɗu a komo kafin magariba. Direba ba ya iya cewa a'a. Awa ukun da aka ɓata a ƙofar gida, a jikin motar za a fanshe su. Shi ya sa za ka ga motar proje mai tsada, wadda aka ƙera don ta yi shekara 15 a daji, ta shekara 3 an ɗora ta bisa duwatsu a bayan ofis, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ana jiran wani mai ba da tallafi ya kawo sabuwa. In motar rangadi ce, asarar kuɗi ce. In motar ɗaukar marasa lafiya ce, ranar da mai naƙuda za ta buƙace ta daga wani ƙauye na bayan gulbi, amalanke za a ɗaura. Kuma ita wannan motar ce ta fi kowace buƙatar direban da ya san lissafin nan, domin shi an ba shi dalilin gudu na gaskiya, ga kuma wadda ke kwance a baya da kowane rami ke ƙara wa ciwo. Irin wannan direba ba a samunsa da takardar tuƙi kaɗai, kuma abin takaici shi ne a ofisoshi da yawa shi ne na ƙarshe da ake tambaya ƙarfe nawa ya kamata a tashi.

Saurayin namu mun tarar da shi bayan kamar rabin awa, a inda hanya ta faɗa wani ɗan kwazazzabo. Uwar sifirin ta baya ta karye, ƙafar ta ja baya, taya na gugar jiki. Fasinjojinsa na zaune gindin gawo, mata sun tasa ƙullin kayan miya a gaba suna kallon rana tana hawa. Dattijon bai ce masa komai ba. Ya tsaya, ya jawo wani guntun icce da igiyar roba daga bayan kujerarsa, suka ɗaga motar da jak, suka ɗaure wurin yadda za ta iya rarrafawa ba kaya. Muka ɗauki mata uku da ƙullinsu a kan namu lodin, muka isa kasuwa ta riga ta ci rabi.

Da la'asar sakaliya muna komowa, a bakin kwalta, dattijon ya sake tsayawa. Ya fiddo famfon hannu, shi da karen motar suka shiga mayar wa tayoyin iskar da aka sace musu da safe, fasinja na ta tsaki. Muna nan sai ga saurayin ya iso a hankali, motarsa a karkace, ba kowa a bayanta. Ya faka, ya fito, ya tsuguna kusa da dattijon ya karɓi famfon daga hannunsa. Sai da ya gama taya guda sannan ya ce, "Baba, da safe nawa kake ƙirgawa?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.